Maganar da Taubashina Ya Ƙwace Mini

Na Allah ne mu, mai tafiya da mai zama, kuma wurinsa kowa zai koma. Ina Legas saƙon ya same ni, cewa ɗan gwaggona ya rasu a Talata Mafara bayan gajeriyar jinya. Kafin in iso an riga an kai shi makwancinsa. Na tarar da tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin titi: mahauta da wuƙaƙensu a kugu, dillalan shanu, malaman makaranta, manoman rani daga Bakura da lakar hanyoyin ruwan dam a ƙafafunsu, da mutanen Maradun da Tsibiri da suka cika babbar mota suka zo.

Na zauna makoki a ƙasashe da yawa. A Jamus na ga ana yin sa a kan lokaci, kowa da baƙar riga, a gama a watse. A Sudan na ga ana kafa rumfa ana shan shayi har a gaji. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutum zai shigo da jajayen idanu, ya yi gaisuwa, a shafa fatiha, sai wani daga gefe ya ce masa, “Limamin Yahudawa, kai ma ka iso?” Sai dariya ta kufce wa mutane, daga nan kuma wanda aka kira limamin ya rufe fuska da hannun riga ya yi ta kuka. Duk mutanen nan sun taɓa fitowa a wasannin kwaikwayon da marigayin ya fassara, kuma sunayen da suka fito da su sun bi su.

Ni kuwa, da na zauna, na ji wani yana tambayar na kusa da shi, “Wa na wancan mai tabarau?”

“Ɗan kawun Malam na. Wanda ka yawon duniya.”

Ko sunana bai ambata ba. Ina rubuta wannan don kada a manta da taubashina, amma ba zan ɓoye ba, da kishi nake rubuta shi. Da zan ɓoye ma, shi ne mutum na farko da zai gane. Ina jin harsuna fiye da shi, na taka ƙasashen da shi a takarda kawai ya san su, amma duk tsawon rayuwarmu ina neman abu ɗaya a wurinsa: ya karɓi jimla ɗaya daga hannuna ya sa a cikin wasansa. Na zauna a kan tabarmar nan ina gaya wa kaina ya tafi bai karɓa ba.

Yadda ya sami harshen Yidish, wato yaren Yahudawan gabashin Turai, abin mamaki ne ga wanda bai san shi ba. Yana saurayi ya kama aikin malamin asibiti a Gusau, aka haɗa shi da wani likita Bayahude ɗan ƙasar Folan, wanda ya gudo kafin yaƙin duniya na biyu ya cinye danginsa kaf. Likitan ba shi da wanda zai yi yarensu da shi a duk ƙasar nan. Sai ya fara koya wa taubashina yaren, da farko kalmomin zagi, daga baya na abinci, daga baya ya buɗe masa akwatin littattafai. Taubashina ya ga rubutun daga dama yake farawa kamar ajami, ya ce ai wannan ɗan gida ne. Da likitan zai bar ƙasar, ya bar masa akwatin. Mafi yawan abin da ke ciki wasannin kwaikwayo ne. Da su ya dawo Mafara, bai kuma sake wuce Gusau ba sai da ya je aikin Hajji.

Daga baya ya ƙara da wasannin Faransawa da na Rashawa da na mutanen arewacin Turai. Na Faransanci ni nake karanta masa idan na zo hutu, in fayyace masa kowace kalma. Ya saurara da kyau, ya yi godiya, ya zubar da kalmomina gaba ɗaya ya riƙe ma’anar kaɗai.

Yadda yake aiki shi ne abin da ya raba shi da duk masu fassarar da na sani, kuma na san su da yawa. Mu muna zama da ƙamus. Shi kuwa idan ya fahimci halin da mutum yake ciki a wasa, sai ya rufe littafin ya sa takalmi, ya je ya jefa wani Bazamfare cikin irin wannan halin, ya tsaya ya ji abin da zai fito daga bakinsa. Yakan ce, “Magana ba a tebur take ba, tana bakin wanda ranshi yaɓ ɓaci.” Idan ya kama wadda yake so, za ka ga yana murza kunnensa na dama, leɓɓansa suna motsi, yana maimaita ta a zuci don kada ta kufce.

Akwai wani marowaci a cikin wasan Faransawa. Don shi taubashina ya shiga kara, wajen cinikin shanu, ranar Talata, ya zaɓi bijimin da ya fi kowanne, ya taya shi a farashin tunkiya. Dillalin ya tashi tsaye ya wanke shi tas a gaban jama’a, tun daga hularsa har kakanninsa. Taubashina yana tsaye yana murza kunne. Da dillalin ya gaji, sai ya ce masa, “Madalla. Don Allah maimaita man wurin nan na kakanni.” Dillalin nan shi ya fito a marowacin, kuma yana nan a makokin, yana ba da labarin da kansa.

Matarsa ce kaɗai ta gane shi da wuri. Yana neman faɗan mace da miji don wani wasan Yidish, sai ya sayo mata ƙashi zalla a matsayin naman miya, ya miƙa mata yana jira. Ta buɗe ganyen ta duba, ta dube shi, ta ce, “Malam, in maganar wasa kaka biɗa, hwaɗa man in yi maka faɗan kyauta. Kak ka ɓata man miya.” Wannan ɗin ma ya ɗauka, kuma an ce a wajen kallo mata ne suka fi yi masa dariya.

Amma yana da iyaka. Maganar da mutum ya faɗa cikin baƙin ciki na gaske ba ya taɓa ta sai da izini. A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka ta wajen Maradun. Ya je can ya ga ana ɗaura kaya a kan jakuna. Wata tsohuwa ta tsaya a bakin maƙabartar ƙauyensu tana yi wa mijinta da ’ya’yanta bankwana ɗaya bayan ɗaya, kamar suna zaune a tsakar gida, har tana gaya wa mijin inda ta ajiye tsohuwar garmarsa. Taubashina ya ji duka. Bai rubuta ko kalma ba sai da ya bi ta har inda aka sake tsugunar da su, da goro a hannunsa, ya durƙusa ya ce, “Inna, akwai wasu mutane can nesa da anka tasa daga garinsu kamar ku. Ina son in ara musu bakinki.” Ta tambaye shi ko Musulmi ne. Ya ce a’a. Sai ta ce, “Suna da matattu?” Ya ce suna da su. Ta ce to ya ara musu.

Wasan da yake nema wa bakin nan shi ne babban aikinsa. Labarin wani ƙaramin gari ne na Yahudawa a bakin kogi, wanda aka sayar da ƙasarsa aka ce su tashi. A cikinsa akwai ’yan’uwa biyu. Ɗaya bai taɓa barin garin ba, aikinsa bin gidaje da asuba yana ƙwanƙwasa tagogi don a tashi ibada. Ɗayan ya ƙetare teku ya daɗe, ya dawo da kwat da harsuna, yana tsammanin gari zai fito tarbarsa. Akwai wurin da wanda ya dawo ɗin yake fashewa da fushi a kan ɗan’uwansa. Wannan jawabin ne ya gagari taubashina.

A daidai lokacin na dawo gida bayan shekaru a waje, na karɓi aikin tafinta tsakanin Turawan Italiya masu aikin dam da mutanenmu. Ni nake faɗa wa manomi da Hausa inda igiyar awo ta tsaya a gonarsa. Ba ni na ja igiyar ba, amma daga bakina ake ji, don haka ba a cika yi mini doguwar gaisuwa ba. Shi kuwa yana can yana ara wa mutane baki, ana sa masa albarka.

Ya karanta mini jawabin da Yidish. Da Jamusancina na kama fiye da rabi, ya cike mini sauran. Na ce masa abu biyu. Na farko, ya mai da mutanen wasan Hausawa, ya ba su sunayenmu, don ba na jin mutanen Maradun za su zauna kallon Yahudawa. Ya ce, “In na mai da su mu, mi ya rage na mamaki? Bari su zamna Yahudawansu, su yi Zamfarci.” Na biyu, na ce ya bar mini wannan jawabin. Ya ce bismilla.

Na zauna a kansa kamar mai ɗinkin babbar riga. Na auna kowace kalma, na duba ta da Jamusanci, na duba ta da Larabci. Har yau ina cewa fassara ce mai kyau, ba abin da ta bari. Ya karɓa ya karanta, ya ja ni muka tafi wurin mahaucin da zai fito a wanda ya dawo daga ƙetare, wani ƙato mai murya kamar ganga, da rumfarsa a gindin tsamiya. Ya karanta masa fassarar tawa. Mahaucin ya ci gaba da sara ƙashi har aka gama, sa’an nan ya ɗago.

“Malam, labarun duniya na, ko wa’azi?”

“Fushi na.”

“Wanga? Ni in na yi fushi ba ni da lokacin wagga Hausa. Alhaji, kak ka ji haushi, ta yi kyau. Sai dai ba ta ciwo.”

Na naɗe takardata na sa a aljihu. Taubashina ya ce zai je Damri duba wani maras lafiya, ya dawo ranar kasuwa, in jira shi mu zaga tare.

Ranar Talata ya biyo mini. Yanzu da nake tunawa, na ga bai bar layi ɗaya ba a kasuwar nan, kuma ya sa ni a bayansa kamar mai ɗaukar masa jaka. Masu tattasai suka ce, “Malam, kwana biyu! Ina kash shiga?” Masu ƙwarya suka ce kasuwa ba daɗi in ba shi. Wata mai fura ta ce tun shekaranjiya take ajiye masa nono mai kyau yana tsami. Ni da na yi shekaru ba a gan ni ba, sai a ɗago a ce, “Sannu, Alhaji,” a koma kansa. Shi kuma, a kowace rumfa, sai ya nuna ni ya ce, “Baƙona na. Ku yi mai magana sannu-sannu, yana koyon Hausa.” Wasan taubashi ne, na sani, tun muna yara yake ƙwace mini hula ranar cika-ciki. Na yi dariya a rumfa ta farko da ta biyu. Da muka iso gindin tsamiya, mahaucin ya ajiye wuƙa ya rungume shi ya ce, “Wallahi mun yi kewarka,” sai abin ya tsinke mini.

Ban san da wane baki na yi magana ba. Ba Hausar da nake yi wa Turawa tafinta da ita ba ce, wadda na baro a tsakar gidan kakarmu ce. Na ce masa na kwana a tashoshin da ko sunansu bai iya faɗa ba, na ci abincin da kare ba zai ci ba don in koyo abin da zan kawo gida, na dawo sai an ce ɗan kawun wane kafin a ba ni tabarma. Na ce, “Damri! Damri kaj je, nan da nan, jaki ma shina zuwa shi dawo! Ni nat tahi, kai kaz zamna, amma kewarka anka yi!”

Na ga hannunsa ya tafi kunne. Na gani da idona, amma raina ya ɓaci ƙwarai har ban tsaya na yi tunanin abin da hakan yake nufi ba. Na juya na tafi.

Ba mu yi gaba ba. Washegari ya aiko mini da tuwo, na ci. Amma da aikina ya ƙare na karɓi wani a Legas kafin a nuna wasan, kuma duk zuwan da na yi bayan nan gajere ne, in kwana in wuce. Idan ya fara, “Wasan nan hwa...” sai in ce ina sauri. Na ji daga nesa an nuna shi a filin makaranta a Mafara bayan la’asar, an kai shi Bakura, an kai shi Maradun, har wani malami da ya zo hana shi ya zauna ya kalla zuwa ƙarshe. Duk wanda ya ba ni labari sai in canza magana. Ban so in ji da wace jimlar ya maye gurbin tawa ba.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu’a an raba waina da gumba, manyan malamai suka tashi, aka rage mu-mu. Sai ga tsohuwar nan ta wajen Maradun, an riƙo ta, ta tsufa ƙwarai. Ta tsaya daga bakin zaure ta yi gaisuwa, ta ce ba ta da abin kawowa, amma tana roƙon mahaucin ya faɗi wurin nan guda, don Malam ya ji. Wasu suka ce ba a wasa a gidan makoki. Babban ɗan marigayin ya ce ba wasa ba ne, aikin ubansa ne, a bar shi ya faɗa daga zaune.

Mahaucin ya gyara zama. Bai ɗaga murya ba. Ya fara da tashoshin da ɗan’uwansa bai iya faɗin sunansu ba, da abincin da kare ba zai ci ba, da tabarmar da ba a ba shi sai an ce ɗan’uwan wane. An canza Damri an sa sunan wani ƙauyen Yahudawa, amma jakin yana nan. Da ya iso ƙarshe ba shi kaɗai ya faɗa ba, duk tabarmin suka ɗauka tare, har da muryoyin mata daga cikin gida: “Ni nat tahi, kai kaz zamna, amma kewarka anka yi.”

Tsohuwar ta ce su can, duk wanda ya bi ta bakin dam ya dubi inda maƙabartarsu take a ƙarƙashin ruwa, abin da yake faɗa ke nan.

Na dubi mahaucin. Ya kawar da kai yana share ido, amma bakinsa yana rawa da dariya. Na ce, “Kai, ka sani?”

“Alhaji, ai gabana anka yi. Dut kasuwa ta sani. Malam ya ce kowa yaf faɗa maka, shi da fitowa wasa har abada.”

Da yamma na shiga ciki gaishe da matarsa. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, da carbi a hannu. Bayan mun gama gaisuwa na kasa riƙewa.

“Hajiya, tsohuwar can ya bi ta da goro har gida. Dillalin shanu ma sai da ya ce mai don Allah. Ni ko sallama.”

Ta ce, “Na tambaye shi hakanan. Yac ce kowa shina roƙo, ban da kai. Wai wa yat taɓa roƙon taubashi hula? Ƙwacewa aka yi.” Ta ja carbi kaɗan. “Zuwa Damrin nan ma, ba wani maras lahiya. Gidan abokinai yaj je yak kwanta, don dai a yi kewarshi gabanka. Da yad dawo ran nan bai ci abinci ba. Yac ce ya samu abin da ya fi shekara shina biɗa, amma ya ji ma ciwo, kuma bai san ko ya kai haka ba.”

Na ce, “Ya faɗi fassarar tawa ba ta da kyau?”

“Yac ce ba wanda ya kai ka sanin abin da Bature ka nufi. Sai dai Hausarka ta gaske ba ta hitowa sai an taka ka.”

Na fito ban san ko murna zan yi ko fushi ba, kuma har yau ban gama rabewa ba. Na yi shekaru ina goge jimloli ina kai masa, ya mayar mini da su duka. Wadda na yar a kasuwa cikin ɓacin rai ita ya tsinta, ya ɗora a bakin Bayahuden da bai taɓa ganin Zamfara ba, ya mai da ita abin da mutanen da ruwa ya kora suke gaisa da matattunsu da shi. A Turai na ga ana buga sunan mai fassara da ƙananan baƙaƙe a bayan littafi. Shi ko wannan bai samu ba, ba a buga wasanninsa ba, suna bakin mahauta da dillalai da malaman firamare, kowa da nasa kashin. Na fara bin su ɗaya-ɗaya ina rubutawa yadda suka faɗa, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan gyara ko kalma ba, duk da hannuna yana ƙaiƙayi.

Allah Ya jiƙan ɗan gwaggona, Ya yalwata masa kabari, Ya yafe masa ƙashin da ya kai wa matarsa da bijimin da ya taya a farashin tunkiya. Abin da ya ƙwace mini na yafe, ko da yake bai roƙa ba.

Kafin in koma na je maƙabarta ni kaɗai da hantsi. Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba. Na yi masa addu’a, sa’an nan na tsaya kamar yadda tsohuwar nan ta tsaya a bakin tasu, na gaya masa da Hausar tsakar gidan kakarmu: to, ga shi wannan karon kai kat tahi, ni naz zamna. Kuma har yanzu kewarka aka yi.